Dashen haƙori bayan ciwon dasashi ya ci ƙashi: yadda ake bin aikin daki-daki

Mafi yawan masu zuwa wurina neman dashen haƙori sun gama yanke shawara tun daga gida. Mutum ya ga bidiyo a waya, an dasa wa wani haƙora da hantsi, da la'asar yana gatsar tuffa, sai ya zo ya zauna a kujera ya ce, "Likita, a cire su duka kawai a dasa min sababbi in huta." Idan hatsari ne ya karya masa haƙori ɗaya, dasashinsa lafiya lau, ƙashinsa cike, maganar ba ta da tsawo. Amma idan haƙoran ne da kansu suka yi ta girgiɗi suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, labari ya sha bamban. A irin wannan baki dashe shi ne aikin ƙarshe. Kafin a kai gare shi akwai watanni na wani aikin da ba shi da ban sha'awa, ba a kuma sa shi a bidiyo, kuma a kansa zan fi daɗewa.

Saiwar haƙori tana zaune ne a cikin rami a ƙashin muƙamuƙi, wasu siraran zaruruwa suna riƙe da ita, dasashi ya lulluɓe su. Dattin nan mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙori cike yake da ƙwayoyin cuta. In aka bar shi sai ya daskare ya zama tsatsa, wadda buroshi ko aswaki ba sa iya ɓamɓarewa. Jiki ya tashi yaƙi da ƙwayoyin, a wajen yaƙin zaruruwan su tsinke, ƙashi ya riƙa narkewa a hankali, dasashi ya saki haƙori ya bar aljihu a tsakani, aljihun ya ƙara tara datti. Wannan shi ne ciwon dasashi. Abin da ya sa ciwon ke cin mutane ba su ankara ba shi ne ba ya zafi. Jini a bakin aswaki, warin bakin da kanumfari ba ya ɓoyewa, haƙora su yi kamar sun ƙara tsawo, wushirya ta fito wa mutum yana ɗan shekara 50, duk waɗannan alamunsa ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa wajen kashi 19 cikin 100 na baligan mutane a duniya, sama da mutum biliyan 1, suna fama da mai tsananinsa.

Shi kuwa dashe wata 'yar ƙusa ce ta ƙarfen titaniyom mai zare irin na noti, tsawonta yawanci milimita 8 zuwa 13, kaurinta wajen milimita 4. Ana murɗa ta cikin ƙashi, ƙashin ya girma ya kama ta gam, sannan a ɗaura mata kan haƙori. Wani likitan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya lura da wannan hali na titaniyom a 1952, da ya sa wani ɗan bututu a ƙashin ƙafar zomo don nazarin gudun jini, da ya zo cirewa ya tarar ƙashi ya haɗe da shi. A 1965 ya dasa wa mutum na farko, wanda ya rayu da dashensa wajen shekara 40. Ke nan ƙusar ba ta da abin dogaro sai ƙashi. Dirka ce ake kafawa, in zaizaya ta cinye ƙasar wurin, ruwan da ya cinye ta kuma bai daina gudu ba, ko ta ƙarfe ce sai ta kwanta. Ƙwayoyin cutar da ke aljihun sauran haƙoranka za su koma jikin ƙusar, kuma jikin da ya narkar da ƙashi a gindin haƙori zai iya narkar da shi a gindin ƙarfe. Ko an cire haƙoran duka, halin jikin yana nan.

Awo da hoto

Kada ka yarda a faɗa maka kuɗin dashe kafin a auna maka dasashi. Akwai wani siririn ƙarfe mai zanen milimita, bakinsa ba kaifi, ana zura shi tsakanin haƙori da dasashi a wuri 6 a kowane haƙori. Ina kiran lamba, ma'aikaciyar jinya tana rubutawa: "Uku, biyu, uku. Biyar da jini. Takwas, akwai mugunya." Mai haƙoran yana kwance yana jin lambobin, kuma yawanci tun kafin in yi bayani ya gane cewa takwas ba alheri ba ce. Lafiyayyen dasashi zurfinsa milimita 1 zuwa 3. Daga 4 zuwa 5 ciwo ya kama, daga 6 zuwa sama ya yi nisa. Ana kuma girgiza kowane haƙori a rubuta yadda yake motsi. Wannan takarda ita za a riƙa komawa gare ta a ga ko magani yana ci, don haka ka nemi a ba ka kwafi.

Hoto iri biyu ne. Na farko shi ne wanda injin ke zagaye kai ya ɗauko haƙora duka a faifai ɗaya, yana nuna tsawon ƙashin da ya rage. Amma ba ya nuna kauri. Ƙashi zai iya fitowa dogo a hoton, a buɗe a tarar ya sirance har ba zai ɗauki ƙusa ba. Shi ya sa mai ƙarancin ƙashi sai an yi masa hoton CBCT, wanda ke nuna faɗi da tsawo da inda jijiya ta bi. Ba kowane asibiti ke da injin ba, a kan tura mutum wani wuri. Ka je, kada ka ga kamar ɓata kuɗi ne.

Ranar da za ka zo, ka zubo duk magungunanka a leda ka taho da su, har da na gargajiya. Mai hawan jini da ke shan amlodipine ko nifedipine, maganin kan kumbura dasashi ya ƙara zurfin aljihu, wani lokaci sai mun rubuta wa likitansa ko zai canza. Mai shan maganin hana jini daskarewa irin su warfarin, clopidogrel ko asfirin kada ya daina don kansa saboda za a yi masa aiki, likitocin biyu ne za su daidaita. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne maganin ƙarfafa ƙashi irin su alendronate, zoledronate da denosumab, da ake ba tsofaffin mata masu raunin ƙashi da masu ciwon daji. Bayan tiyata a muƙamuƙi ƙashin wasunsu kan ƙi warkewa ya mutu, musamman masu karɓar allurar saboda daji. Haka wanda aka taɓa yi wa gashin ciwon daji da na'ura a kai ko wuya. Mai sikila ma ya faɗa tun farko.

Sai suga. Ba gwajin yatsa na safe nake nufi ba, wanda mutum zai iya gyarawa da kame baki na kwana biyu. Gwajin HbA1c ne, wanda ke nuna matsakaicin sugan wata 3 da suka wuce. Ƙasa da 7 shi ake so. Ni in ya haura 8 ba na dasa komai sai an saukar da shi. Ciwon suga da ciwon dasashi kowanne yana rura ɗan'uwansa, in aka yi maganin dasashi sau da yawa sugan ma kan ɗan sauka.

A kashe ciwon tukuna

Maganin farko shi ne kankare tsatsa, ba ta saman haƙori kaɗai ba, har wadda ke can cikin aljihu a jikin saiwa. Ana yin allurar kashe zafi, a bi baki sashe-sashe, sau da yawa zama biyu zuwa huɗu. A nan nake shan gardama. "Likita, an ce wankin haƙori yana sa haƙori girgiɗi." Abin da ke faruwa shi ne tsatsar ta daskare ta haɗe haƙoran da ƙashinsu ya riga ya tafi, tana riƙe da su tana kuma cin gindinsu. Da an cire ta sai motsin da ke ɓoye ya bayyana, giɓi ya fito, ruwan sanyi ya riƙa tsarga wa mutum. Ba wankin ya jawo ba. Bayan 'yan makonni kumburi kan sauka, haƙora da yawa su ƙara tsayawa.

Abin da ba magani ba shi ne a je kemis a sayo amoxicillin da Flagyl duk lokacin da dasashi ya kumbura. Kumburin zai lafa, tsatsar tana nan, ƙashi yana ci gaba da tafiya.

Rabin aikin a gida yake. Buroshi mai laushi, man goge baki mai fuloraid, sau biyu a rana, minti 2, a karkata bakin buroshin zuwa inda haƙori ya haɗu da dasashi. Sannan ɗan ƙaramin buroshin nan na tsakanin haƙora, wanda a wurin mai wannan ciwo ya fi komai muhimmanci. Girma-girma ne, likita ya gwada maka wanda ya dace da giɓinka, ya shiga da ɗan matsi ba tare da tilas ba. Aswaki ban hana ba, yana goge fuskar haƙori sosai in an iya riƙe shi, sai dai ba ya shiga tsakani, ba ya kuma kai wa bayan turame. A yi shi lokutan salla, a yi buroshi safe da dare. Gawayi, toka da gishiri kuwa a bar su, saiwar da dasashi ya janye ya bari a fili ba ta da ƙwarin saman haƙori, gurje ta suke yi. Masu haƙorin Makka su sa a duba gefen rufin, in bai zauna daidai ba matattarar datti ce.

Taba: dashen mai shan sigari ya fi faɗuwa kusan ninki biyu a kan na wanda ba ya sha. Tabar tana ƙuntata jijiyoyin jini, har dasashin mashayi ba ya zub da jini sosai ko da ciwon ya yi nisa, shi ya sa yake zaton lafiyarsa ƙalau. Shisha da taba gari ba mafita ba ne. In za a ƙara maka ƙashi kana kuma shan taba, gara ka riƙe kuɗinka.

Bayan mako 6 zuwa 12 a sake awo. Abin da ake nema: babu aljihun da ya kai milimita 6, babu wanda ya haura 4 yana jini, haƙora tsaf. Inda ya ƙi, a sake kankarewa ko a yi 'yar tiyata a ɗage dasashi a wanke saiwa ido na gani. Wannan awon na biyu shi ne jarrabawa ta gaskiya. Wanda ya dawo da datti dam a gindin haƙora bayan duk abin da aka nuna masa, ban ga dalilin da zai sa ya kula da dashe ba, kuma ina gaya masa haka cikin girmamawa: "Alhaji, a ƙara mana wata uku."

Wanne za a cire, wanne za a bari

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne: ana saurin cire haƙora fiye da kima tun da dashe ya shigo. Haƙorin da ya rasa rabin ƙashinsa zai iya shekaru yana aiki in an kashe ciwon ana kuma kula da shi. Na gaba na ƙasa da ke motsi a kan ɗaure su da juna ta baya da siririyar waya. Haƙorinka na asali yana da zaruruwan nan masu ji, su ne ke sa ka tsaya cak in ka ci karo da tsakuwa a wake. Dashe ba shi da su, sai dai ka ji ƙas. Kuma ciwo a gindin haƙori ya fi sauƙin magani a kan ciwo a gindin ƙusa.

Wanda ba makawa sai an cire shi ne mai motsi sama da ƙasa a cikin raminsa, wanda ƙashi ya tafi har ƙarshen saiwa, ko mai tara mugunya a kai a kai duk da magani. Irin wannan barinsa ɓarna ce, yana cin ƙashin maƙwabtansa. A nan jinkiri ma laifi ne.

Maganar ƙashi

Da zarar an cire haƙori ƙashin wurin zai fara shanyewa. Cikin shekara guda faɗinsa zai iya raguwa da kusan rabi, mafi yawan raguwar a wata 3 na farko. Saboda haka in ka san dashe kake nufi, ka faɗa kafin a cire, ba bayan shekara biyu ba. A kan cika ramin da garin ƙashi a rufe a ranar cirewar, wanda ke rage shanyewar sosai.

Lissafin mai sauƙi ne. Ana son aƙalla milimita 1.5 na ƙashi a kowane gefen ƙusa, ke nan ƙusa mai kaurin 4 tana son faɗin wajen 7. A muƙamuƙin ƙasa akwai jijiyar da ke ba leɓe da haɓa ji, tana bi ta cikin ƙashi a ƙarƙashin turame, ana barin tazarar milimita 2 tsakaninta da ƙarshen ƙusa. A sama kuma, bisa turame, akwai wani kogon iska a cikin ƙashin kunci wanda ke haɗe da hanci. Mai ciwon dasashi yakan zo da milimita 2 ko 3 kacal tsakanin bakinsa da kogon.

Inda faɗi ya gaza, ana zuba garin ƙashi a gefe, a lulluɓe da wani tantani don kada nama ya riga ƙashi cika wurin, a ɗinke, a jira wata 4 zuwa 6, babban gyara har wata 9. Garin ba shi ne sabon ƙashin ba, madogara ce da ƙashinka zai bi ya girma. Ƙara faɗi ya fi samuwa. Ƙara tsawo, wanda shi ne ciwon dasashi ya fi ci, aiki ne mai wuya da yawan matsala, duk wanda ya ce maka abu ne mai sauƙi ka nemi ra'ayin wani likitan.

Daga ina garin yake? Tambaya ce da mutanenmu ba sa sanin ya kamata su yi. Akwai wanda ake ɗebowa daga jikinka, a haɓa ko bayan muƙamuƙi, in da yawa ake so a ƙugu. Akwai na ƙashin saniya da aka ƙone aka tace, irin su Bio-Oss. Akwai na ɗan'adam daga ma'ajiyar sassan jiki, akwai kuma na haɗin sinadarai zalla. Tantanin rufin kuwa, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara a duniya, Bio-Gide, daga alade ake yin sa. Akwai na saniya, akwai na roba wanda sai an sake buɗewa an cire shi. Hukunci na malamai ne, nawa shi ne in faɗa maka kafin in sa, kai kuma haƙƙinka ne ka ce a nuna maka kwalin.

Na kogon kunci, ana ɗaga shimfiɗar kogon sama a cusa garin ƙashi a ƙarƙashinta. In ƙashin da ya rage ya kai wajen milimita 5, a kan tura ta ramin ƙusar a dasa a rana ɗaya. In bai kai ba, sai a buɗe 'yar taga ta gefe, a cika, a jira watanni. Mai yawan mura da toshewar hanci a fara yi masa maganinsu.

Ba kullum ne sai an ƙara ƙashi ba. Gajerun ƙusoshi masu milimita 6 suna aiki a bayan baki in faɗi ya isa. Ga wanda ba shi da haƙori ko ɗaya, akwai tsarin da likitan Fotugal Paulo Maló ya yaɗa tun ƙarshen shekarun 1990, All-on-4: ƙusa huɗu, biyu na baya a karkace don kauce wa jijiya da kogo, a ɗaura musu jerin haƙora. Inda ƙashin sama ya ƙare ƙaf, akwai dogayen ƙusoshi, daga milimita 30 zuwa sama da 50, da ake kafawa a ƙashin kunci, aikin ƙwararren likitan tiyatar fuska ne. Sai kuma wanda na fi ba dattawa shawara: ƙusa biyu a muƙamuƙin ƙasa, haƙoran roba su riƙa maƙalewa a kansu, a cire da dare a wanke. Taron masana a Jami'ar McGill ta Kanada a 2002 ya ce wannan ya kamata ya zama zaɓin farko ga wanda ya rasa haƙoran ƙasa duka. Ya fi araha, ba ya rawa in ana magana, kuma Baba mai rawar hannu ko raunin gani zai iya tsabtace shi, ko jikarsa ta wanke masa.

Ranar dashe da makon da ke biye

Ka ci abinci, ka sha magungunanka na kullum. Allurar kashe zafi ce irin ta cire haƙori. Za a tsaga dasashi, a huda ƙashi da ƙananan injina daga siriri zuwa mai kauri, ruwan gishiri mai sanyi yana zuba don kada ƙashi ya ƙone. Ba za ka ji zafi ba, sai dannawa da rugugi a cikin kai. Ƙusa ɗaya ba ta cika wuce awa guda ba. Yawancin mutane sukan ce cire turmi ya fi wahala.

Ka cije audugar da aka sa maka na rabin awa zuwa awa ɗaya. Ƙanƙara a cikin tsumma a kunci ranar farko. Kumburi yakan kai ƙarshensa a kwana na biyu ko na uku, wannan ba abin tsoro ba ne. Ranar farko ban da kuskurar baki da ƙarfi, ban da tofar da yawu, ban da tsotson abin sha da tsinke. In za ka yi alwala ka sa ruwan a baki ka sunkuya ya zube da kansa. Daga washegari ruwan ɗumi da ɗan gishiri, da ruwan kuskure na chlorhexidine in an rubuta, mako ɗaya ko biyu kawai, don yana rina haƙora, balle ga mai shan shayi. Wanda aka ɗaga wa kogon kunci kada ya fyace hanci na mako biyu, in atishawa ta zo ya buɗe baki, shaƙa ruwan alwala ya yi shi sama-sama. In sujada tana sa wurin bugawa, ya yi sallarsa a zaune na 'yan kwanaki.

Abinci: koko da kunu in sun huce, fura da nono da aka dama sosai, faten dankali, ƙwai, tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuka. Mai suga ya lura, don yawancin abinci mai laushi a wurinmu hatsi ne. Kilishi, tsire, ƙuli-ƙuli, aya, rake, ƙanzo da goro su dakata. Ana cire zare bayan kwana 7 zuwa 14. In gari ya waye leɓenka na ƙasa bai farfaɗo daga allura ba, ka kira likita a ranar, ƙila ƙusa ta matsi jijiya, kuma saurin sassauta ta shi ne ke ceto jin. Haka zazzaɓi, mugunya, ko kumburin da ke ƙaruwa bayan kwana uku.

Ka tsara lokacin da kyau. Kada a sa aikin dab da azumi, ko saura mako biyu ka tashi Hajji ko Umara.

Sai jiran ƙashi ya kama ƙusa: wajen wata 3 a muƙamuƙin ƙasa, 4 zuwa 6 a na sama. Haƙoran rana ɗaya da ake talla gaskiya ne akwai su, amma na wucin gadi ne, kuma sai ƙusa ta kama ƙashi mai ƙwari tun a ranar. Ƙashin da aka gina da gari ba kasafai yake ba da wannan ba. Duka-duka, daga wankin farko zuwa haƙorin ƙarshe, mai irin wannan baki ya sa ran shekara guda, wani har da rabi.

Wajen ɗaura kan haƙori ka roƙi abu biyu. A yi wanda ake ɗaurewa da noti in zai yiwu, ba wanda ake mannewa da siminti ba, domin ragowar siminti da ta maƙale a ƙarƙashin dasashi sananniyar hanyar kumburi ce. Kuma a bar ƙofar da ɗan buroshinka zai shiga ta kowane gefe. Kafin ka tashi daga kujera ka gwada da hannunka a gaban madubi. Ka kuma sani tun yanzu cewa dasashin da ya tafi ba ya dawowa yadda yake, haƙoran za su ɗan yi tsawo, ko a cike gindinsu da abu mai launin dasashi.

Bayan an gama

Sama da kashi 90 cikin 100 na dashe suna nan bayan shekara 10. Amma wajen mutum 1 cikin 5 masu dashe yakan samu ciwon da ke cin ƙashin gindin ƙusa, kuma waɗanda suka fi shiga wannan lissafi su ne masu tarihin ciwon dasashi da suka daina zuwa dubawa. Kai naka zuwan duk wata 3 ko 4 ne, har abada, a auna, a wanke, a ɗauki hoto lokaci-lokaci a gwada da na ranar da aka ɗaura haƙori. Ƙusa ba ta girgiɗi sai ta gama lalacewa, don haka kada ka jira motsi. Jini wajen gogewa, ɗanɗano marar daɗi, ko ƙarfe ya fara leƙowa, su ne ƙararrawa. In kumburin bai kai ga ƙashi ba yana warkewa sarai. Mai cizon haƙora cikin barci a yi masa robar sawa da dare.

Wurin fara tambaya shi ne sashen haƙori na asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Sakkwato da na Maiduguri. Ka nemi ƙwararren dasashi, in za a gina ƙashi da yawa a haɗa da likitan tiyatar muƙamuƙi. In asibitin kuɗi ne, ka tabbatar likitan yana da rajista da MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya. Kayan duk daga waje suke zuwa, kuɗinsu yana bin dala, inshorar lafiya kuma galibi ba ta ɗaukar dashe. A rubuta maka kuɗin kowane mataki daban: wanki, cirewa, hoto, garin ƙashi, ƙusa, kan haƙori, da zuwan dubawa. In abin hannunka bai isa duka ba, ka kashe shi a kan maganin dasashi da haƙoran roba masu kyau, ƙusa za ta iya jira.

Masu fita Masar, Indiya, Dubai ko Turkiyya, akwai ƙwararru a can ba shakka. Matsalar ita ce biza da kuɗin masauki ba sa jiran dasashi ya warke. Wani Alhaji ya zo min shekara biyu bayan an cika masa baki da dashe a tafiya ɗaya. Haƙoran gwanin kyau, amma da na danna dasashin da yatsa sai mugunya ta ɓullo ta gefen uku daga ciki, hoto kuma ya nuna ƙashi ya rame ya bar zaren ƙusa a fili. Ba a taɓa auna masa aljihu ba, sugansa kuma a gwajin HbA1c ya haura 9. Da na zo kwance jerin haƙoran in wanke ƙarƙashi, babu makullin da ya shiga notin, shi kuma bai san sunan kamfanin ba, sai da muka yi ta aika saƙo kafin a turo mana. In za ka fita, a kashe ciwon a gida tukuna, ka shirya tafiya biyu aƙalla, ka kuma samu likitan da zai riƙa duba ka a nan tun kafin ka tashi.

Ko a ina aka yi maka, kada ka bar asibitin sai da takardar da ke ɗauke da sunan kamfanin ƙusar, ko Straumann ce, ko Nobel Biocare, ko Osstem, ko wani, da samfurinta, kaurinta, tsawonta, da haƙorin da aka sa ta a gurbinsa. Kowace ƙusa tana zuwa da 'yar takarda mai manne a kwalinta, ita za a liƙa maka. Ka ɗauki hotonta a waya, ka tura wa wani a gida shi ma ya ajiye.